Ƙodagon Yaya Lawali

Duk wanda ya zo min da zancen wai wasan gem ne ya kashe tatsuniya, ba na doguwar gardama da shi, hannuna na dama nake buɗe masa. Akwai tabon ƙuna a babban yatsa da manuni, fatar wurin ta yi sumul ta ɗan tattare. Masu kawo min ɗinki a shagona na Gusau sukan ɗauka dutsen guga ne ya yi min haka, ni kuma in ƙyale su. Tatsuniya ce ta ƙona ni, ina 'yar shekara bakwai ko takwas, a tsakar gidan kakata a Kekun Waje. Da wannan hannun kuma na tare ƙofa bara, ranar da yayana Lawali ya ɗauki kwamfutar 'yata zai tafi da ita Tsafe.

Kakar tamu Inna Tumba ce, mahaifiyar babanmu. Gajeruwa ce mai kaushin murya, haƙoranta sun rine da goro, kuma ba ta san lallashi ba. In ka faɗi ka zo mata da kuka, sai ta tambaye ka me ƙasa ta yi maka da za ka je ka buge ta. Amma in kaka ta yi, aka kawo gyaɗa gida, babu inda muke son zama kamar gindin murhunta. Da an sauke tuwo an yi sallar isha'i, sai ta jawo garwashin da ya rage, ta zube mana gyaɗa a tsakiya. Tatsuniyarta ba kyauta ba ce. Wanda hannunsa bai ɓarar gyaɗa ba, kunnensa ba zai ji komai ba, don sai ta tsaya cak a tsakiyar magana ta zuba maka ido har ka ɗauki aiki.

Takan buga muciya a ƙasa ta ce, "Ga ta nan tahe, wa ka tarbon ta?" Mu kuma mu haɗa baki mu ce mu ne, ta ƙaraso.

Sauran tsofaffin unguwa suna ba da labari ne yara na saurare, in an kai waƙa a amsa. Inna Tumba ba haka take yi ba. Ita tura mu take yi cikin labarin. A farkon kaka kowannenmu zai nemo wani ɗan abu ya riƙe, wannan abin shi ne kai a cikin tatsuniya har a gama ta, ko da za ta ɗauki darare da yawa. Nawa ƙwallon kaɗanya ne. Bello, ɗan baffanmu, tsakuwa ya tsinto a bakin rijiya saboda ƙiwuya. Yaya Lawali kuwa, da yake shi ne babba kuma yana ji da kansa, ƙodagon goruba ya samo. Ya kankare shi tas, ya goge shi da man gyaɗa har yana ƙyalli, ya ɗumama ƙusa ya yi masa idanu biyu da baki, ya raɗa masa suna Sarkin Yaƙi. Da shi yake kwana, da shi yake zuwa kiwo.

Dokokin Inna biyu ne. In labari ya kai inda za a yanke shawara, sai ta yi shiru ta dube ka, kai za ka faɗi abin da mutuminka zai yi. Bello ya taɓa cewa duk abin da Inna ta ga dama, ta harare shi ta ce ita ba tafiya take yi ba, mu ne matafiya. Doka ta biyu ita ce mai zafin: abin da ka faɗa ya zauna, magana zarar bunu ce. In zaɓinka ya kai mutuminka ga halaka, za ka miƙa mata shi da hannunka ta jefa a wuta, ka koma ɗan kallo sai wata kakar.

Tatsuniyar wannan shekarar ta garin da aka sace wa inuwa ce. Wai mutanen wani gari suka wayi gari suka tarar babu inuwa ko ta yatsa. Kuka na tsaye, tsamiya na tsaye, ganye shar, amma ƙarƙashinsu rana ce tarwai. Mutum ya tsaya, babu abin da ke biye da shi a ƙasa. Tsofaffi suka rasa wurin zama, kaji suka riƙa faɗuwa, alƙali ya daina sauraron ƙara don babu mai haƙurin tsayawa ya ji ta bakin ɗan'uwansa, faɗa ya cika garin. Aka bincika aka gano dodon bayan dutse ne ya zo ya naɗe inuwar kamar tabarma ya yi gaba da ita. Sai gari ya tashi matafiya uku su je su ƙwato ta, wato Sarkin Yaƙi da Kaɗanya da Tsakuwa.

Mun yi darare muna tafiya. Mun ƙetare gulbi a bayan kada bayan na yarda na ba shi guzurina. Mun kwana a gidan wata tsohuwa mai tuwon toka, Bello ya ci ya ce da daɗi don tsoro, aka yi ta yi masa dariya har bayan salla. Duk inda aka sami abin faɗa Sarkin Yaƙi ne a gaba, kuma gaskiya yana yin nasara, har kan Yaya Lawali ya fara girma fiye da hularsa. Ranar da muka isa mararraba, Inna ta rage murya. Ta ce ta hannun dama ana jin kiɗan kalangu da ƙamshin nama, ta hannun hagu kuwa sarƙaƙiya ce, kuma daga can ciki ana jiyo kukan jariri.

Na ce mu bi kukan. Yaya Lawali ya ce Sarkin Yaƙi bai fito raino ba, inda ake kiɗa nan maza suke. Inna ta tauna goronta ta sake tambayarsa, abin da ba ta saba yi ba.

"Lawali, hanyar kiɗa kac ce?"

Ya ce ita ya ce. Ta gyaɗa kai ta ci gaba. Ashe kiɗan na dodo ne, wanda ya ji shi kusa ƙafafunsa ke kama rawa da kansu, filin rawar kuma ramin wuta ne aka lulluɓe da rairayi. Sarkin Yaƙi ya yi juyi ɗaya, ya yi na biyu, ƙasa ta burma da shi. Inna ta miƙo tafin hannunta.

Yayana ya ajiye mata ƙodagon. Ta cilla shi cikin garwashi. Yaron da ke kayar da sa'o'insa a dambe, wanda ko bulalar makarantar allo ba ta sa shi kuka, sai ga hawaye na bin fuskarsa, ya cije leɓe don kada mu ji. Na dubi wutar, na ga idanun nan biyu da ya yi da ƙusa suna kallona, man gyaɗar ya fara hayaƙi. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma san na tashi ba. Na cusa hannu na damƙo shi, na haɗo da garwashi.

Ihuna ya fito da duk matan gidan. Mahaifiyarmu ta tsoma min hannu a randa, Inna ta shafa min zuma tana yi min faɗa, wai wace irin 'yar ƙunar baƙin wake ce ni. Baba ya shigo daga zaure ransa a ɓace, ya ce daga yau an gama wannan wasan, tatsuniyar da za ta nakasa masa 'ya ba ya buƙatarta a gidansa. Washegari bayan isha'i Inna ta jawo garwashinta, ta zube gyaɗa, ta buga muciya kamar ba a yi komai ba. Baba ya leƙo ya ce, Inna, ai na yi magana jiya.

Ta ce, "Na ji ka. Murhu nau na, baki nau na, jikoki nau na. Wanne za ka amshe?"

Baba ya juya ya fita. Ba a sake ta da maganar ba. Sai dai daga ranar ta koma kifa ƙoƙo a kan duk wanda ya faɗi maimakon jefa shi a wuta, kuma har ta bar duniya ba ta yarda cewa maganar Baba ce ta sa ba.

Mun ɗauka za ta ce a koma mararraba a sake zaɓe, tunda abin ya kai ga ƙuna. Ba ta yi ba. Ta ce Sarkin Yaƙi ya faɗa wuta, wannan ya zauna. Kaɗanya ta shiga ta jawo shi, wannan ma ya zauna, tunda kowa ya gani da idonsa. Saboda haka ya fito da rai amma ƙafafunsa sun ƙone ba ya iya tsayuwa, ita kuma hannunta ya ƙone ba ta iya riƙo. Haka muka rarrafa muka bi hanyar kuka. Abin da ke kukan kuwa inuwar garin ce, dodo ya cusa ta a burgami ya rataye a kan ƙaya. Mai ƙafa ba ta da hannu, mai hannu ba shi da ƙafa. Inna ta yi shiru ta zuba mana ido. Yaya Lawali ne ya ce to Kaɗanya ta ɗauke shi a wuya shi ya kwance. Aka kwance bakin burgami, inuwa ta kwararo ta sheƙa a guje, ta riga mu isa gida. Inna ta karkaɗe zaninta ta ce tatsuniya ta hau kan ɓera ta koma raminta, mai ƙorafi ya bi ta can.

Inna ta rasu ina sabuwar amarya, kuma wani lokaci nakan gode wa Allah da bai nuna mata abin da ya biyo baya ba. Lokaci ya zo da babu mai hura wuta a tsakar gida bayan magariba a ƙauyukanmu, don kada haske ya kira abin da ba a so. Yaran da ya kamata su ji dodo a baki suka koma jin ƙarar babura daga daji suna shigewa ƙarƙashin gado. Danginmu suka watse, wasu Gusau, wasu Bungudu, Yaya Lawali ya koma Tsafe yana cinikin hatsi. A birni kuma ɗakin haya ne, gawayi ne a kurfoti, da an sauke tukunya a yayyafa masa ruwa saboda gobe. Mu iyayen ma da ya kamata mu ɗauki muciyar, kowa ya sunkuya a kan wayarsa yana kallon rigimar mutanen da bai sani ba. Tsoro ne ya kashe wutar, mu kuma muka yi shiru. Shi ya sa in na ji babba ya buɗe baki yana ɗora wa gem laifi, raina ke ɓaci. An bar jaki ana dukan taiki.

'Yata Sa'adatu tana aji biyar na sakandare lokacin da abin ya faru. Mahaifinta ma'aikacin gwamnati ne, ya rasu ya bar mata tsohuwar laftof ɗinsa, wadda batirinta ba ya riƙe caji sai an lallaɓa. Ƙawarta Ngozi, 'yar maƙwabciyarmu mai shagon kayan masarufi, ita ta koya mata wasannin. Ngozi a Gusau aka haife ta, in tana zuba Zamfarci a bayan labule sai ka rantse 'yar Mada ce. Da farko na tsargu. Ina ɗinki ina satar kallonsu, ina jira in ga abin da zai sa in ɗaga murya. Sai na ga wata yarinya a fuskar kwamfutar ta isa bakin wata gada, wani tsoho ya roƙe ta abinci, rubutu ya fito yana tambaya za ta ba shi ko za ta wuce. Sa'adatu da Ngozi suka kama gardama a kan abin da ya kamata a yi. Na tsayar da keken ɗinki. Shekara nawa rabona da in ji yara suna irin wannan gardamar.

Ba duka nake yabo ba, kada a yi min mummunar fahimta. Masu harbe-harben nan na hana su a gidana, na ce wanda ke son jin ƙarar bindiga a Zamfara ba sai ya sayi data ba. Amma waɗanda ake ba ka mutum a ce kai ne shi, ka yi tafiya, ka yi abokai, ka zaɓa ka ga abin da zaɓinka ya haifar, waɗannan na san su tun kafin a haifi masu ƙirƙirar su. Abu biyu ne kawai suka tsaya min a rai. Na farko, duk labaran na wasu ƙasashe ne, ƙanƙara da dogayen gidajen dutse, ko kuka guda babu. Na biyu ya fi ci min tuwo a ƙwarya: in mutuminka ya mutu, sai ka danna wani wuri ka koma baya ka sake zaɓe kamar ba a yi komai ba. Na ce musu wannan ragwanci ne, da Inna Tumba na raye da ta yi musu dariya har goro ya shaƙe ta.

Suka tambaye ni wace ce Inna Tumba a wannan fagen. Nan na ji kunya ta kama ni, don 'yar da na haifa ta san tabon hannuna amma ba ta san garin da aka sace wa inuwa ba. Na ajiye ɗinki na ba su labarin tun daga muciya har ramin ɓera. Ban san na kunna wata wutar ba. A hutun nan suka shiga wani ajin koyon kwamfuta, suka dawo suka ce za su gina nasu wasan. Ngozi ke zane, Sa'adatu ke rubuta labarin da umarnin da kwamfuta ke bi. Wata da watanni suna abu ɗaya, in an ɗauke wuta su zauna su yi tagumi, in an kawo su yi tsalle. Dodon da Ngozi ta zana ya fi kama da bunsuru, amma kukar ta fito kuka sosai. Duk aikin yana cikin wannan tsohuwar kwamfutar, ba su da shi a wani wuri.

Tun rasuwar maigidana Yaya Lawali ne tsaye a kanmu, kuma ban taɓa ƙetare maganarsa ba. Yana da nasa ciwon. Ɗansa Bashiru ya faɗa gidajen gem na Tsafe, irin na harbin, yana gudun makaranta, har ya kai uban ya je ya fito da shi da mari a gaban mutane. Sai wani mai kai gulma ya gaya masa cewa 'yar ƙanwarsa ma ta kamu, kullum tana ɗaki da 'yar maƙwabta suna zana aljanu. Wata ranar Asabar da hantsi ya iso ba sanarwa. Muka gaisa, ya sha ruwa, ya ce a kawo masa kwamfutar. Sa'adatu ta kawo da hannu biyu ta durƙusa. Ya saka ta a buhun da ya zo da shi, ya ce za ta zauna a wurinsa har yarinya ta gama makaranta, in ya so ya sa a goge shirmen da ke ciki. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, shi ya ga inda wannan hanyar ke kai yaro.

Sa'adatu ta sunkuyar da kai, hawaye na bin fuskarta, ta cije leɓe don kada kawunta ya ji. Na taɓa ganin wannan fuskar. Kafin ya kai ƙofa na riga shi, na dafa ƙyauren da hannun dama.

Ya ce, "Dije, kauce. Ni ab babba."

Na ce, "Awo, Yaya, kai ab babba. Amma ba a yanke ma mutum hukunci ba a ji ta bakinai ba. Zamna ka buga wasan ga sau guda. In ka hita da ranka kai kaɗai, tahi da ita Tsahe, ba ni ƙara cewa komi."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ina jin da wani ne ya faɗa masa haka da ya ture shi ya wuce. Amma yayana bai taɓa iya ƙin ƙalubale ba tun yana yaro, kuma da wannan na dogara. Ya dawo ya zauna a tabarma yana huci, ya ce a yi sauri, mota ba ta jiran shirme.

Sa'adatu ta kunna kwamfutar. Aka nuno abubuwa uku, ƙwallon kaɗanya da tsakuwa da ƙodagon goruba mai idanu biyu, rubutu ya ce a zaɓi ɗaya. Yaya Lawali ya daina huci. Ya daɗe yana kallo kafin ya nuna ƙodagon da yatsa, ta nuna masa inda zai danna. Ya bi ta garin da ba inuwa, ya ƙetare gulbi, ya ƙi cin tuwon toka yana ɗan murmushin da yake ƙoƙarin ɓoyewa. Sai ga mararraba. Kalangu na tashi ta dama, irin wanda yaran suka ɗauko da waya a wani biki, jariri na kuka ta hagu.

Sai a lokacin Sa'adatu ta ɗago ta dube ni, idanunta sun firfito. Ta gane abin da na yi. Kawunta ya san labarin nan fiye da ita, ya san inda kowace hanya ta nufa. In ya danna hagu ya tsira, ya ɗauki buhunsa ya tafi, kuma ni da bakina na ba shi dama. Aikin watanninta na ɗora a kan yatsan mutumin da ya zo raba ta da shi. Amma magana ta riga ta fita.

Ya kai alamar kan hanyar dama, yatsansa ya tsaya a sama. Rubutu ya sake fitowa a ƙasa, wanda ni na gaya musu su saka: hanyar kiɗa kac ce? Ya karanta a hankali, leɓunansa na motsi. Bai dubi kowa ba, ya danna dama.

Ƙodago ya yi juyi ɗaya, ya yi na biyu, ƙasa ta burma. Fuskar kwamfutar ta yi ja. Ya tambayi Sa'adatu, murya ƙasa ƙasa, ina ake dannawa a koma baya, don ya ga Bashiru na yin haka. Ta ce, Kawu, a wannan ba a komawa, sai dai in wani ya yarda ya sa hannu, kuma wanda ya sa zai ƙarasa wasan da hannu ɗaya. Ta juyo da kwamfutar wajena. Na durƙusa kusa da shi na ɗora manunina mai tabo a kan maɓallin. Na ga idonsa a kan yatsan, ba a kan wasan ba. Na danna.

Bai tsaya ya ga an kwance burgami ba. Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, ya naɗe buhunsa ba komai a ciki, ya ce dodon nan bunsuru ne, a gyara shi. Ya ce wa Sa'adatu in sakamakon jarrabawarta ya sauka ko da kaɗan ne zai dawo, kuma ranar babu wasan da zai buga. Na raka shi bakin titi. Sai da mai Keke Napep ya tsaya, ya sa ƙafa ɗaya ciki, sannan ya juyo.

"Ran Juma'a ina turo miki Bashiru. Ki ba shi nashi ƙwallo."

Har yau ban tambaye shi ko mantawa ya yi ko da gangan ya bi kiɗan ba, kuma ba zan tambaya ba. Ina yarinya na ɗauka darasin tatsuniyar nan shi ne a guji kiɗa a bi kuka, a yi hankali a mararraba. Yanzu da na binne miji, na ga ƙauyenmu ya watse, na san ba wanda ke gama rayuwa bai taɓa bin hanyar kiɗa ba, kuma ba a komawa baya. Abin da Inna Tumba ta koya mana shi ne a ba yaro mutuminsa a hannu, a bar shi ya zaɓa, a kuma zauna kusa da wutar. Ko a murhu ne ko a kwamfuta, ni ban ga bambanci ba, matuƙar akwai babba a wurin da zai iya sa hannu. Masu cewa a ƙwace a kulle, su zo su faɗa min a ina yaran za su koyi mararraba, tunda mun bar musu tsakar gida ba wuta ba labari.

Bashiru ya iso ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yana cin magani, jakarsa a kafaɗa. Na riga na sayo goruba a kasuwa, na kuma ajiye masa ƙusa.